Daga Murar 1918 Zuwa Mashaƙo: Abin da Annoba Ke Tararwa a Ƙasar Kano

A tsakiyar watan Satumba na 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a tashar Ikko, wato Legas, ɗauke da fasinjoji daga ƙasar da yau ake kira Ghana, wasunsu a kwance da zazzaɓi. Kafin shekarar ta fita, murar da suka sauko da ita ta hau jirgin ƙasa ta iso Kano, daga nan ta bi fatake da 'yan cin kasuwa ta bazu a ƙauyuka. Tun daga wannan shekara, da wuya a nuna wata babbar annoba da ta ratsa duniya ba ta leƙo ƙasar Kano ba. Masu rubuta tarihin annoba sun fi son bin sawun ƙwayar cuta, su faɗi inda ta taso, da wanda ya gano ta, da shekarar da aka samo maganinta. Wannan tarihi ne mai kyau, amma na ɗakunan gwajin Turai da Amurka ne. Wanda ya tsaya a gari irin Sabon Birni ta ƙaramar hukumar Gwarzo, ko Garo ta Kabo, ya waiwayi waɗannan shekaru ɗari da 'yan kai, wani abu daban zai gani. Cutar daga nesa take zuwa, maganin ma daga nesa, amma yawan gawar da za a kai maƙabarta ya ta'allaka ne da abin da annobar ta tarar a ƙasa: ko hukuma ta saba shigowa garin a lokacin da babu annoba, ko mutane sun san fuskar mai allura kafin ya buga musu sallama, ko akwai wanda ke rubuta sunan mamaci. Duk lokacin da aka ci nasara a ƙasar nan, ta wannan ƙofa aka bi, duk lokacin da aka sha kashi kuma ita aka tarar a rufe.

Murar 1918 ce ta fi kowace ɓarna cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. An ƙiyasta ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, ta kashe wajen miliyan 50, adadin da ya zarce na waɗanda suka mutu a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya da ake gab da kammalawa. An laƙaba mata sunan Sifaniya ne kawai saboda jaridun ƙasar, da yake ba ta cikin yaƙin, su ne suka sami damar buga labarinta ba tare da takunkumi ba. Jiragen yaƙi ne suka kawo ta Afirka ta Yamma, ta fara sauka a Firitawun ta Saliyo a watan Agusta. A Nijeriya masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta ci mutum kusan 500,000 cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba. Abin lura shi ne hanyar da ta bi. Dogon jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, saboda haka tafiyar da a da ayari zai yi makonni yana yi daga bakin teku ta koma ta 'yan kwanaki, kuma mai ɗauke da cuta yana iya isowa kafin ya warke ko ya mutu. Ta kuma iso a kan kaka, lokacin da kowa ke kan hanya da buhun gyaɗa, kasuwanni a cike. Mutanen da ta tarar ba su daɗe da fita daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba. Kuma saɓanin murar da aka saba, wadda ke ɗaukar tsofaffi da jarirai, wannan majiya ƙarfi ta fi kayarwa, 'yan shekara 20 zuwa 40, wato masu riƙe da fartanya da masu goyo. A lokacin babu likitan da ke da maganinta ko a Landan, domin sai a 1933 aka tabbatar da ƙwayar da ke haddasa mura a jikin ɗan Adam. Abin da ke raba mai tashi da mai tafiya shi ne jinya, wato a samu wanda zai ba shi ruwa da kunu ya lulluɓe shi. Gidan da kowa ya kwanta a rana ɗaya, babu mai ɗebo ruwa daga rijiya, shi ake rufewa.

A wancan zamani littafi ɗaya ne kawai na hukuma ke isa ƙauyen yammacin Kano, shi ne littafin haraji. Ma'aikatar lafiyar Turawan mulki an kafa ta ne don kula da Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati, kuma asibitin cikin birnin Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, sai a ƙarshen shekarun 1920 ya samu. Dabarar kare lafiya da Turawa suka fi ba gaskiya ita ce nisantar talaka. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta tanadi a bar fili fetal na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikin yaran baƙar fata ya kai musu. Da ma'aikacin lafiya ya fara shiga gidajen mutane kuma, a rigar duba-gari ya shiga. Ya ratsa zaure ya shige har tsakar gida inda baƙon namiji ba ya takawa, ya buɗe randa, in ya ga 'ya'yan sauro a kifar da ruwan a ci maigida tara. In sanƙarau ko agana ta ɓulla, a hana cin kasuwa, a kwashe marasa lafiya a kai su bukkoki a bayan gari. Wasu matakan suna da hujja a likitance, amma darasin da talaka ya ɗauka shi ne cewa faɗa wa hukuma akwai mara lafiya a gida jawo wa kai masifa ne. Al'adar ɓoye majiyyaci a ƙuryar ɗaki, wadda har gobe ma'aikatan lafiya ke kuka da ita, a nan ta samo wani ɓangare na tushenta.

Amma ga agana, wadda ta nuna cewa abin yana yiwuwa. Cuta ce da ke kashe kusan uku cikin goma na waɗanda ta kama, wanda ya tashi kuma ya tashi da zanzana a fuska, wani har da makanta, kuma a ƙarni na 20 kaɗai an ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 300. A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da ita, aka haɗa ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a shiri ɗaya tare da rigakafin ƙyanda. Nijeriya tana tsakiyar yaƙin basasa, hanyoyin ƙauye ba kwalta, babu wutar da za a ajiye magani a sanyi, amma zuwa watan Mayu na 1970 an ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki baki ɗaya. A Arewa aikin ta hannun En'e ya bi. Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya tara dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni, sanƙira ya zaga gari da yamma. Da safe mutane su yi layi a ƙofar fada ko a gindin bishiyar kasuwa, ma'aikaci ya taka wata na'ura da ƙafa, ya ɗora bakinta a dantse, ta harba maganin ba tare da tsinin allura ba, na gaba ya matso. Duk wanda ya haura shekara hamsin da biyar a Gwarzo ko Kabo, in ya naɗe hannun riga, akasari za a ga lambar. An ga mai agana na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a garin Marka na Somaliya a 1977, sannan a ranar 8 ga Mayu 1980 aka shelanta cewa cutar ta bar duniya.

Mai ja zai ce wannan tsoron dogari ne, ba yarda ba, domin a lokacin wanda ya ƙi fitowa ya san abin da zai biyo baya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi wa mulkin En'e kwalliyar da ba ta dace da shi ba. Sai dai tsoro kaɗai ba ya bayyana abin da ya faru, domin wannan dogarin ne dai ya kasa hana mutane ɓoye shanu ranar jangali ko ɓoye 'ya'yansu ranar ɗibar 'yan makarantar boko. Abin da ya bambanta agana shi ne mutane sun san ta ido da ido, kowace unguwa da makahonta, sun kuma ga cewa mai lamba ba ya kamuwa. An zo musu da abin da suke nema, ta bakin wanda suke sallar Juma'a tare da shi. Hujja ta biyu kuma tana gaba: bayan an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, hakiman da dagatan da ba su da ikon ɗaure kowa su ne dai aka koma wa a yaƙin shan-inna, kuma aikin ya yiwu.

Murar 1957 da ta 1968, waɗanda kowace ta kashe mutum miliyan ɗaya ko fiye a duniya, sun wuce ba su bar wani babban tabo a tarihin ƙasar nan ba. Ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986, ta kashe sama da mutum miliyan 40 a duniya, kuma a nan kunya da tsangwama suka yi mata hidima shekaru da dama kafin magungunan rage kaifinta su wadata. Kwalara ce ta zo ta zauna. Zagayenta na bakwai ya taso daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ya shigo Afirka ta Yamma ta Gini a 1970, ya iso Nijeriya a ƙarshen shekarar, kuma a 1971 an lissafa mutum kusan 23,000 da suka kamu. Bayan shekara hamsin cif, a 2021, an lissafa sama da 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Babu wani sirri da ya rage game da amai da gudawa. Tun 1854 likita John Snow ya nuna a Landan cewa ruwan sha ne ke ɗauke da ita, Turai ta kore ta da famfo da magudana tun kafin a ƙirƙiro maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ruwan gishiri da sukari da kowace uwa za ta iya haɗawa yana ceto mafi yawan masu ita. Duk da haka da zarar damina ta sauka, ruwa ya wanko bayan gari ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi, sai a sake kafa tantuna a sake neman agajin gaggawa. Kwalara ba ta buƙatar shelar wayar da kai kamar yadda take buƙatar rijiyar burtsatse da za a gyara in ta lalace, kuma wannan aiki ne na ranar da babu annoba.

Shekarar 1996 ita ce mahaɗar wannan tarihi. Sanƙarau ba baƙuwa ba ce, domin ƙasar Hausa tana tsakiyar zirin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha inda cutar ke tashi duk ƙarshen hunturu, lokacin da ƙura ta busar da maƙogwaro, zafin bazara ya kama, mutane kuma suna kwana a cunkushe. Yaro ya kwanta da ciwon kai da daddare, da asuba wuyansa ya sanƙare ya ƙi sunkuyawa, kafin a samo motar da za ta kai shi Gwarzo, balle Kano mai nisan kilomita kusan 70, ya fita hayyacinsa. A wannan shekara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ga ƙyanda da kwalara sun taso tare da ita. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da ma'aikatansa Asibitin Zana na Kano, suka ɗauki yara 200, suka ba rabinsu wani sabon magani mai suna Trovan da ake gwajinsa, rabin kuma suka ba su sanannen magani amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Jaridar Washington Post ta fasa ƙwan a watan Disamba na 2000, gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya. Ko da za a ɗauka cewa maganin bai kashe ko yaro ɗaya ba, an shigo wa mutane a ranar da suka fi kowace rana rauni, aka yi amfani da 'ya'yansu, aka tattara aka tafi annobar tana ci.

Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, Dokta Datti Ahmad da Majalisar Ƙoli ta Shari'a suka yi zargin cewa ɗigon rigakafin shan-inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi, kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ba ta janye ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje aka kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A wannan tsakani cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan 20 da a da sun rabu da ita, ta ratsa Sudan ta haura Yaman, ta kai har Indunusiyar kanta a 2005. A 2006 an lissafa yara sama da 1,100 da ta shanye a Nijeriya. Masu bincike da suka zauna da mutane, irin su Elisha Renne wadda ta yi aikinta a Zariya, sun tarar da wata tambaya da ta girmi jita-jitar: me ya sa ake bin mu gida gida da magani kyauta, sau da yawa a shekara, saboda cutar da sai an zaga unguwa kafin a ga mai ita, alhali ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna ɗauke mana yara kullum, kuma in mun je asibiti ko farasitamol sai mun saya a kemis? Wannan tambayar mai hankali ce, kuma shekaru aka yi ba a ba ta amsa ba.

A nan ne masu cewa jahilci ne da riƙon addini ke ɗaga murya, kuma wajibi ne a raba maganarsu biyu. Zargin hana haihuwa ƙarya ne, waɗanda suka yaɗa shi suna da alhakin yaran da suke jan gindi a yau, kuma harbe ma'aikatan rigakafi tara da aka yi a Kano a watan Fabrairu na 2013, akasarinsu mata, ta'addanci ne da babu abin da zai wanke shi. Abin da ya faru a Asibitin Zana yana bayyana dalilin da ƙaryar ta samu kasuwa, amma ba ya mayar da ita gaskiya. Sai dai ɗora wa addini laifin kuskure ne a tarihance. Kowane ɗalibin zaure ya san umarnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na kada a shiga garin da annoba ta sauka kuma kada na ciki ya fita, ya kuma san yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas. Saudiyya da kanta ta riƙa ɗiga wa alhazan Nijeriya maganin shan-inna a filin jirgi, kuma ba a ji wanda ya fasa hajji saboda haka ba. Sannan ƙin rigakafi ba ciwon marasa boko ba ne, domin a lokacin korona an ga masu digiri a Amurka da Faransa da Jamus sun cika tituna suna ƙin allura. Ga kuma abin da ya sa ba za a ce duk zargi hauka ne ba: a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da shirin rigakafi na bogi a Pakistan wajen farautar Usama bin Ladan.

Abin da ya kawo ƙarshen shan-inna ya fi kowace muhawara ƙarfi, domin maganin da aka ƙi a 2003 da wanda aka karɓa a 2014 duk ɗigon baki ne iri guda, hanyar kawo shi ce ta sauya. Daga 2006 aka fara haɗa shi da rigakafin ƙyanda da sinadarin bitamin A da gidan sauro da sabulu. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka ɗora wa kowane mai unguwa sanin gidan da aka haihu da gidan da aka ƙi. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki, su shiga ɗaki su zauna a kan tabarma su yi hira da uwa, maimakon baƙuwar da ba a san gidansu ba. Ƙungiyar waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa shiga gari a kan kekunansu, uban da ke gardama ya dube su ya yi shiru. Aka kafa sansanonin duba marasa lafiya kyauta a ranakun rigakafi, inda tsohuwa za ta samu maganin hawan jini jikanta ya samu ɗigo. Alamun aikin suna nan a bangayen ƙauyuka, rubutun alli a jikin ƙofa mai nuna yara nawa ne a gidan da nawa aka samu, da shuɗin tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta shanye a Kano an same shi a Sumaila a watan Yuli na 2014, na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, inda rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga, sannan a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita. Ribar ba ta tsaya nan ba. Da wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli 2014, Dokta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, abin da ya ci ranta, kuma ƙwararrun da aka horar a yaƙin shan-inna ne suka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi. Mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, cikin wata uku aka rufe babin, a lokacin da cutar ke kashe sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo.

Korona ta tarar da Kano a hargitse. A 2019 an raba masarautar gida biyar, Gwarzo da Kabo suka koma ƙarƙashin Ƙaraye, kuma an sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ranar 9 ga Maris 2020, kwana biyu kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya. An tabbatar da mai ita na farko a jihar ranar 11 ga Afrilu. Ba a yi mako biyu ba ɗakin gwaji ɗaya tilo da ke jihar, na Asibitin Malam Aminu Kano, ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da yawa suka rufe ƙofa don tsoro. Waɗanda suka fara sanar da duniya cewa ana mutuwa fiye da ƙima masu haƙa kabari ne, domin su ne kaɗai ke da lissafi. Gwamnatin jiha ta fara da cewa hawan jini ne da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓi. Tawagar da fadar shugaban ƙasa ta turo ƙarƙashin Dokta Nasiru Sani Gwarzo ta bi gidajen makoki tana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya, kuma a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an lissafa mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. A lura da kyau, takwas ne cikin 44. Sauran 36, har da Gwarzo da Kabo, ba su shiga wannan lissafi ba. Abin da ya isa ƙauye da ƙarfinsa shi ne kulle: an hana kasuwa da jam'i a cikin azumi, an tare hanya, ana ta jigilar almajirai daga jiha zuwa jiha a cunkushe cikin motoci, wanda hakan kansa yaɗa cutar ne. Da aka fasa rumbunan tallafi a jihohi da dama a watan Oktoba aka ga abincin da aka ce na talakawa ne jibge, mai cewa korona sana'ar manya ce ya samu abin nunawa.

Akan ce ai Afirka ta tsira, tunda alƙaluman hukuma a Nijeriya ba su wuce mutum 3,000 da 'yan kai ba, alhali Amurka ta binne sama da miliyan ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, domin cutar tsofaffi ta fi ɗauka, mu kuwa kusan rabinmu ba su kai shekara 18 ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu sanadin annobar a 2020 da 2021 sun kusa miliyan 15, kusan ninki uku na abin da ƙasashe suka bayar a hukumance, kuma ƙasar da ake rajistar mutuwa kusan ɗaya cikin goma ba ta da bakin cewa ta tsira ko ba ta tsira ba. Mutumin da ya rasu da hantsi a Sabon Birni, kafin la'asar an sallace shi an rufe, kamar yadda addini ya tanada, kuma babu laifi a wannan. Laifin yana ga tsarin da bai tanadi littafi a hannun mai unguwa ko liman ba. Akan kuma ce duk wannan magana ce, kuɗi da fasaha su ne komai, a ba mu magani kawai. To, an ba mu. Allurar korona ta farko ta iso ranar 2 ga Maris 2021, bayan ƙasashe masu arziki sun kwashe kasonsu, wasu kuma aka kawo su gab da lalacewa, har a watan Disamba na shekarar aka binne sama da miliyan ɗaya a juji a Abuja. Wannan zalunci ne na rabon duniya kuma ya kamata a faɗe shi. Fasaha ma ta yi rawar gani inda aka yi ta domin mu: allurar MenAfriVac da aka ƙera a Indiya a kan ƙasa da rabin dala, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Nijeriya a 2011, ta kusa shafe nau'in sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996.

Sai dai mashaƙo ya zo ya nuna iyakar wannan hujja. Daga ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke, ta toshe maƙogwaron dubban yara, kuma a 2023 fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijeriya a Jihar Kano suke. Rigakafinta ya shekara kusan ɗari a duniya, yana cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma kyauta ne a kowane asibitin sha-ka-tafi. Babu wani babban malami da ya yi fatawa a kansa, babu gwamnan da ya dakatar da shi. Mafi yawan yaran da suka kamu ba a yi musu allurar ba ne ko ba a kammala ba, saboda ita ba a bin gida da ita, sai uwa ta goya jariri ta taka zuwa asibiti har sau uku, ta kuma tarar da ma'aikacin yana nan, firij yana aiki, maganin bai ƙare ba. Da yawa cikin waɗannan yara an sha ɗiga musu maganin shan-inna a ƙofar gidajensu, a shekarun da duniya ke buƙatar bakinsu.